Ganvie, garin da ke tsaye a kan tafki: abin da matafiyi zai sani kafin ya shiga kwalekwale

Duk wanda ya taɓa bi ta gadar Third Mainland a Legas ya hangi Makoko daga sama: gidajen katako a kan dirkoki, hayaƙin bandar kifi, da kwalekwale suna kai da komo a tsakanin gidaje. Yawancinmu hange kawai muke yi daga tagar mota mu wuce. To, a yamma da Legas, tafiyar da ba ta wuce ta yini guda ba, akwai wani gari irin wannan da mutane ke tasowa daga Turai da Amurka don su gani. Sunansa Ganvie, yana cikin Jamhuriyar Benin, arewa da Kwatano. 'Yan kasuwarmu sun daɗe suna shiga Kwatano sayen atamfa da gwanjo da motoci, amma kaɗan ne suka san cewa garin na nan kusa da su. Ga bayani a kan wurin, da tarihinsa, da hanyar zuwa, da kuma ladabin da ya kamata baƙo ya riƙe, domin wurin gidan mutane ne tun kafin ya zama wurin yawon buɗe ido.

Ina Ganvie yake?

Garin yana cikin tafkin Nokoue, wanda ake furtawa Nokuwe, a ƙaramar hukumar So-Ava. Tsawon tafkin ya kai kilomita 20, faɗinsa kuma kusan kilomita 11, sai dai ba shi da zurfi sosai: a wurare da dama bai wuce mita 1 zuwa 2 ba. Koguna biyu ne ke zuba masa ruwa daga arewa, wato Oueme da So. Daga kudu kuma akwai mashigar da Faransawa suka haƙa a 1885, wadda ta haɗa tafkin da teku ta tsakiyar Kwatano. Ita ce ruwan nan da ke gefen kasuwar Dantokpa.

Wannan mashiga ce ta sa ruwan tafkin yake sauya ɗanɗano. Da rani ruwan teku yana shigowa, sai ya yi gishiri-gishiri. Idan koguna suka cika suka kawo ruwa, sai gishirin ya ragu, kainuwa ta bazu har ta toshe wa jirage hanya.

Ana ƙiyasta mazauna garin tsakanin mutum dubu 20 zuwa dubu 30, shi ya sa ake yawan cewa shi ne babban garin kan tafki a Afirka. A 1996 aka sanya shi cikin jerin wuraren da Benin ke neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihin duniya. A 2000 kuma tafkin ya shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare fadamu da dausayi.

Me ya kai mutane zama a kan ruwa?

Gudun bauta ne. Mutanen garin ana kiransu Tofinu, wato mutanen ruwa, kuma harshensu dangin harshen Fon ne da na Egun, waɗanda muka sani a Badagry da Makoko. A ƙarni na 17 da na 18, cinikin bayi ya yi ƙamari a wannan gaɓa. Daular Dahomey, mai hedikwata a Abomey, ta ci Allada a 1724, ta ci Ouidah a 1727 a zamanin Sarki Agaja, ta samu ƙofar teku, kuma mayaƙanta suka riƙa kai farmaki ƙauyuka suna kama mutane suna sayar wa Turawa.

Labarin da mutanen garin ke bayarwa shi ne, addinin mayaƙan Dahomey ya hana su bin abokan gaba cikin ruwa. Ganin haka sai kakanninsu suka shige tsakiyar tafki suka kafa dirkoki. Akwai ma almarar da ke cewa sarkinsu ya rikiɗa ya zama tsuntsu ya nemo wurin, sannan ya zama kada ya goya jama'arsa zuwa can. Ɗan jagora zai ba ka wannan labari, ya kuma nuna maka mutum-mutumin da aka yi don tunawa da shi. Sunan garin kansa ana fassara shi da ma'anar jama'ar da ta tsira.

Wannan tarihi ya shafe mu kai tsaye. Ta tashoshin wannan gaɓa, wato Ouidah da Porto-Novo da Badagry da Legas, aka fitar da Hausawa masu yawa zuwa Bahia ta ƙasar Brazil a farkon ƙarni na 19, musamman waɗanda aka kama a yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan 1804. A can ma ba su kwanta ba: Hausawa ne suka shirya tawayen 1807 da na 1814, kuma akwai su cikin tawayen Musulmi na 1835 a birnin Salvador. Saboda haka Bahaushen da ya tsaya a Ganvie yana kallon mutanen da suka kuɓuta daga hanyar da ta haɗiye wasu daga cikin danginsa.

Yadda gidaje da rayuwa suke

Ana kafa dirkokin itace cikin laka, a ɗaura dandamali a kai sama da inda ruwa ke kaiwa lokacin cika, sannan a yi bango da gora ko katako. Rufin da na ciyawa ne, yanzu kwano ya yi yawa. Ruwa yana cin itace, don haka sai ana sauya dirkoki lokaci-lokaci, kuma masu hali sun koma yin ginshiƙan siminti.

Babu titi a garin. Abin da ke tsakanin gidaje hanyoyin ruwa ne, kuma gida ɗaya kan mallaki kwalekwale fiye da ɗaya: na maigida don su, na uwargida don kasuwa, wani lokaci har da na yara. Za ka ga yaro ɗan shekara shida ko bakwai yana tuƙa jirgi shi kaɗai kamar yadda namu ke tuƙa keke. Wasu iyalai suna ɗebo ƙasa da kwalekwale su tara ta a gefen gida har ta zama ɗan tudu, a nan yara ke koyon tafiya, a nan ake ajiye kaji da dabbobi. Makarantu ma a kan irin wannan tudun aka gina su.

Ruwan tafkin ba ya shayuwa. Akwai rijiyoyin burtsatse da ake sayar da ruwa, za ka ga layin jirage cike da jarkoki da robobi suna jira. Kasuwa kuma a kan ruwa take ci: mata suna zaune cikin jiragensu da tumatir da barkono da gari da itacen girki da burodi, mai saye ya matso da nasa jirgin a yi ciniki. A garin akwai masu bin addinin gargajiya na Vodun, akwai coci-coci, akwai kuma masallaci.

Akaja: gonar kifi a cikin tafki

Tun kafin ka isa garin za ka ga wurare da aka kewaye da rassan itace da ganyen kwakwa a tsaye cikin ruwa, kamar an yi shinge a gona. Wannan shi ne akaja. Masunci yana kakkafa rassa cikin laka, ganyen ya ruɓe, gansakuka ta fito a jikin itacen, kifi ya taru yana ci yana ɓuya yana hayayyafa. Bayan watanni sai a zagaye wurin da taru, a cire rassan, a kwashe kifin. Karfasa ce ta fi yawa, sai kuma ƙaguwa da jatan lande da ake kamawa a sauran sassan tafkin. Maza ne ke su, mata ne ke banda da kai kifi kasuwa.

Kowane akaja da mai shi, kamar yadda kowace gona take da mai ita. Dabarar tana da amfani, amma tana da illa: rassan da ke ruɓewa suna cike tafkin da laka, sannan ana sare itatuwa da yawa a tudu don kawo su. Ga kuma dattin Kwatano da Calavi da ke gangarowa, ga yawan masunta. Wannan ne ya sa matasan garin da dama suka koma tuƙa jirgin haya, ko jagorancin baƙi, ko neman aiki a birni. Gwamnatin Shugaba Patrice Talon, wadda ta hau mulki a 2016, ta sanya gyaran Ganvie cikin manyan ayyukanta na yawon buɗe ido, tare da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Faransa.

Hanya daga Legas

Ana shiga mota a Mile 2, a bi titin Badagry zuwa iyakar Seme. Daga Legas zuwa Kwatano kusan kilomita 120 ne, amma kar ka auna tafiyar da kilomita: cunkoso da shingayen jami'ai su ne ke cin lokaci. Mai tasowa daga gida, a ce daga Adogi ko cikin Lafiya, gara ya kwana a Legas wajen 'yan uwa a Agege ko Mile 12 ko Alaba Rago, ya yi sammako washegari.

Ɗan Najeriya ba ya buƙatar biza, saboda yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba shi damar zama har kwana 90. Abin da ake nema shi ne fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, da katin rigakafin cutar shawara. Ka bi ta ofishin haɗin gwiwa na Seme-Krake, wanda aka buɗe a 2018, a buga maka hatimin fita da na shiga. Masu cewa su tsallakar da kai ta bayan fage suna nan da yawa. Rahusar da suke yi maka ita ce za ta zama tsada ranar da jami'i ya tare ka a cikin gari babu hatimi. Ka kuma tambayi halin da iyaka take ciki kafin ka taso, domin ba mu manta rufewar da aka yi daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ba.

Kuɗin ƙasar sefa ne. Akwai 'yan canji a iyaka da kuma unguwar Zongo ta Kwatano, inda za ka ji Hausa da Zabarmanci da Dendi, ka samu masallaci da abincin gida da masauki. Idan ɗan canjin mutumin Nijar ne, ka lura da lissafinsa: jika ɗaya sefa 1,000 ce, dala ɗaya kuma sefa 5, saboda haka dala ashirin sefa 100 ke nan. Ka nemi canji ƙanana, don a kan ruwa ba kowa ke da canjin babbar takarda ba.

Daga Kwatano sai Abomey-Calavi, tafiyar ƙasa da kilomita 20 ta hanyar arewa, wadda ta wuce ta gaban babbar jami'ar ƙasar. Kar sunan ya ruɗe ka: Abomey-Calavi daban, Abomey tsohuwar hedikwatar Dahomey daban, ita tana can nesa a arewa. Ka ce Calavi kawai, kowa zai gane. Akwai tasi da ƙananan bas, akwai kuma 'yan acaɓa masu rawayar riga da ake kira zemidjan. A ce masu a kai ka tashar jiragen Ganvie.

A tashar akwai ofishin sayar da tikiti ga baƙi. Kuɗin ya danganta da yawanku da irin jirgin da kuka zaɓa, kuma idan kuna da yawa kason kowa yana raguwa. Tafiyar kusan kilomita 8 ce. Jirgi mai inji yana yin ta cikin kamar rabin awa, na hannu ko mai tafiya da iska kuma yana cin fiye da awa ɗaya. Kafin ka taka jirgi, a gama magana: kuɗin ya haɗa da ɗan jagora ko a'a, awa nawa za a yi, kuma zuwa da dawowa ne? Yawancin 'yan jagora Faransanci suke yi, amma akan samu masu jin Turanci ko Yarabanci idan ka tambaya.

Lokacin da ya fi dacewa

Kudancin Benin damina biyu gare shi: babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba. A ƙaramar ce ruwan arewa ke isowa tafkin ya cika. A 2010 an yi ambaliyar da ta shafi dubban ɗaruruwan mutane a ƙasar, kuma yankin tafkin na cikin inda ta fi yi wa ɓarna. Daga Disamba zuwa Maris ne tafiya ta fi sauƙi. Sai dai a lokacin bikin Vodun na ƙasa a watan Janairu, baƙi suna cika ko'ina, masauki ya yi wuya.

A cikin yini kuma safiya ta fi. Kasuwar kan ruwa tana ci, masunta suna jefa birgi, rana ba ta yi zafi ba, ruwa yana kwance. Da la'asar iska kan taso. Lokacin Benin ɗaya ne da na Najeriya, ba sai ka gyara agogo ba.

Tsaro a cikin jirgi

Kar rashin zurfin tafkin ya yaudare ka. Ƙasansa laka ce, kuma hanyoyin da jirage ke bi sun fi zurfi. Mu da muka ji abin da ya faru a Warrah ta jihar Kebbi a Mayun 2021, da Patigi ta jihar Kwara a Yunin 2023, inda jirage suka kife da mutane masu yawa, bai kamata a yi mana dogon wa'azi ba. Ka nemi rigar kariya daga nutsewa, ka sa ta, ka ɗaura wa yara tasu. Idan ka ga an yi lodi fiye da ƙima, ka jira na gaba. Kar ka miƙe tsaye don ɗaukar hoto, kar kowa ya karkata gefe guda. Ka lissafa dawowa kafin magariba.

Ka riƙe ruwan sha na roba, da hula ko lema, ka sa waya da fasfo cikin leda. Idan za ka kwana, akwai ƙananan masaukai a kan ruwa, amma ka tabbatar akwai gidan sauro. Sannan wannan tafki da hanyoyin ruwan da suka haɗa shi da Porto-Novo da Badagry an san su da safarar man fetur ta ɓarauniyar hanya. Kar ka karɓi saƙon wanda ba ka sani ba, komai ƙanƙantarsa.

Salla da abinci

Abin da ya fi sauƙi shi ne ka yi alwala a Calavi kafin ka shiga jirgi. Ruwan da ke tsakanin gidaje shi ne ke ɗaukar wanke-wanke da bayan gida na garin, ba na alwala ba ne. Ka gaya wa ɗan jagora tun farko cewa kana son a tsaya a masallaci, sai ya tsara zagayen da haka. Abincin wurin kifi ne, soyayye ko gasasshe, da agidi ko tuwon masara ko shinkafa. Ka tambayi abin da ke cikin miya. Idan aka miƙo maka wani farin ruwa a ƙaramin kofi ana ce masa sodabi, giyar kwakwa ce mai ƙarfi, sai ka yi godiya ka mayar cikin mutunci.

Ladabin baƙo

A nan ne yawancin matafiya ke kuskure. Shekara da shekaru jirage suna wucewa ta ƙofar mutanen nan ana ɗaukar su hoto suna wanka, suna girki, suna shayar da yara. Shi ya sa za ka ga mace ta juya baya ko ta rufe fuska da faifan hularta da zarar ta ga waya. Wannan ba rashin son baƙi ba ne. Ka tuna yadda kake ji idan wani ya shigo Sabo ko Idi-Araba ya kafa maka kyamara kana cin abinci a ƙofar shago. Ka nemi izini, in an ƙi ka sauke wayar. Wuraren ibadar gargajiya kuma kar ka ɗauka, kar ka nuna da yatsa, kar ka yi raha a kansu.

Ka yi gaisuwa, ko da ɗaga hannu ne. Kar ka jefa wa yara kuɗi ko alewa cikin ruwa, yana koya masu bara kuma yana sa su faɗawa gaban jirgi mai inji. Idan kana son garin ya amfana da zuwanka, ka sayi kifi ko burodi wajen matan kasuwa, ka ci abinci a can, ka sallami matuƙi da kyau. Kar ka taɓa akaja ko tarun wani. Ledarka da robarka kuma ka dawo da su tudu. Ka ce wa mai inji ya rage gudu kusa da ƙananan jirage, don igiyar ruwansa tana iya kifar da kayan wata baiwar Allah.

Sauran garuruwa irinsa

Wanda ba shi da halin tsallaka iyaka, Makoko na nan, kuma yawancin mazauna ɓangaren ruwan Egun ne, dangin mutanen wancan tafki. Sai dai can ba a shiga sai da ɗan gari da sanin shugabannin unguwa. Mutanen suna da dalilin yin taka-tsantsan: a Yulin 2012 gwamnatin Legas ta ba su wa'adin awa 72 ta rushe wani sashe na gidajen. Makarantar kan ruwa da Kunle Adeyemi ya zana, wadda aka kammala a 2013 ta yi suna a duniya, ta rushe a 2016 bayan ruwan sama mai ƙarfi.

'Yan uwa na zangon Takoradi da Kumasi da Accra kuma suna da Nzulezo a yammacin Ghana, a kan tafkin Tadane. Ana shiga kwalekwale daga Beyin, tafiyar kamar awa ɗaya. Ƙauyen ƙarami ne, mutane 'yan ɗaruruwa, kuma gidajen a haɗe suke da dandamali guda da ake tafiya a kai da ƙafa. Su ma labarinsu na hijira ne: sun ce kakanninsu daga Walata suka taso, dodon koɗi yana yi masu jagora.

Abin lura shi ne, gidan da ake biyan kuɗi a kalla a Benin, irinsa ne ake aiko wa da takardar tashi a Legas. Mu mazauna zango da Sabo mun san wannan zama, inda yau ana cinikinka gobe ana cewa ka tare wuri. Wanda ya je da wannan tunani a ransa zai san yadda zai zauna a jirgi, da inda zai kai idonsa. Allah ya kai lafiya, ya dawo da kowa gida lafiya.